Muzurun Hajiya da allurar da na yi da hannuna

Ranar Asabar da ta wuce na miƙa makullin ɗakin magani, na naɗe farar rigata, na bar asibitin dabbobin da na yi wa aiki shekara uku a nan Kaduna. Waɗanda muka zauna tare sun san abin da ya kore ni, ba sai na tona ba. Labarin muzuru ɗaya kawai zan ba da, don shi ne har yau idan ya faɗo mini a rai abinci yake fita kaina.

Cikin Afrilu ne, lokacin zafin nan da ko fanka wuta take hurowa. Wata Hajiya daga Malali ta shigo da muzurunta cikin kwando, an lulluɓe shi da zane. Ta ce tun jiya yake zarya wurin yashinsa, ya tsuguna ya yi ta yunƙuri yana kuka, ba abin da ke fita.

"Likita, ina ga bayan gida ne ya yi masa tauri."

Oga yana wata gonar kaji wajen Kujama, sai na kira shi. Ya ce, "Yi masa meloksikam da deksa, su dawo jibi." Na ce, "Yallaɓai, ai ko ruwa bai sha ba tun jiya." Ya ce yana tsakiyar rigakafi, ya katse waya.

Meloksikam maganin kashe zafin ciwo ne, deksa kuma maganin kumburi. Na yi allurar, ban ko shafa mararsa ba. Wannan laifin nawa ne, ba na raba shi da kowa. Da na sa yatsu a ƙasan cikinsa, da na ji mafitsara ta cika ta yi tauri kamar ɗanyen lemo, da na gane fitsari ne ya toshe. Hanyar fitsarin muzuru siririya ce ƙwarai, ɗan majina da ɓarɓashin tsakuwa sun isa su rufe ta. Idan ta rufe, fitsari ya danne ƙoda, fotasiyam ya taru a jini, zuciya ta fara ja da baya. Kwana biyu zuwa uku dabba ta tafi.

Ga kuma abin da na zuba a kai. Idan ruwan jiki ya yi ƙasa, ƙoda tana dogara da wasu sinadarai da ake kira furostagilandin, su ne ke buɗe mata hanyoyin jini. Aikin meloksikam shi ne tsayar da su, ta nan yake kashe zafin ciwo. Wato ƙoda tana fama da ƙishirwa, ni kuma na je na rufe ɗan famfon da ya rage mata. Deksa kuwa ba a haɗa shi da irin wannan magani, gyambon ciki suke jawowa. Duk wannan na rubuta shi a jarrabawa a Samaru, na kuma ci.

Akwai laifi na uku da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kwalbar meloksikam da ke kan kantarmu ta shanu ce, miligiram 20 a kowane mililita, alhali wadda ake yi wa karnuka da kyanwowi miligiram 5 ce. Muzuru mai kilo 4, ko an kai maƙura, miligiram 1.2 zai samu, wato mililita 0.06 daga waccan kwalba. Da sirinjin mililita 2 na auna. Wanda ya taɓa riƙe sirinji ya san wannan ba awo ba ne, kintace ne.

Ba su kai jibin ba. Washegari bayan la'asar direba ya shigo da kwandon a guje. Muzuru ya yi sanyi, yana amai, bugun zuciyarsa sai ka kasa kunne sosai. A lokacin ne na taɓa mara. Muka zura robar fitsari da hasken tocilan waya, don an ɗauke wuta, fitsari ya fito ja kamar zoɓo. Muka ɗaura masa ƙarin ruwa. Hanya ta buɗe, amma ƙodar ta ƙi tashi, ruwa yana shiga, abin da ke fita bai taka kara ya karya ba. Kwana biyu ina kwana a kan benci kusa da kejinsa. A na uku da asuba ya cika.

Da Hajiya ta zo, ina tsaye a wurin Oga ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Yaran yanzu ne, ba sa tambaya kafin su yi abu." Ban ce uffan ba. A kati ba a rubuta cewa shi ya ba da umarni ba, kuma a ƙarshen wata aka zare kuɗin ruwa da roba daga albashina. Ita kuwa ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, kwanansa ne ya ƙare. Shekara shida yana kwana a ƙarshen gadona." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Bayan nan na zauna na bi meloksikam ɗin ciki da bai, kuma ba zan yi masa sharri ba. A Amurka, tun 2010 hukumar kula da abinci da magunguna ta sa aka buga kakkausan gargaɗi a jikin Metacam, wato meloksikam da sunansa na kasuwa, cewa maimaita shi ga kyanwa na da alaƙa da mutuwar ƙoda farat ɗaya, har da rasa rai. A Turai kuwa an yarda a riƙa ba ta na baki kullum, miligiram 0.05 a kowane kilo, saboda ciwon gaɓɓai. Ko tsohuwar kyanwa mai ciwon ƙoda da ya lafa, likitoci kan ba ta ɗan ƙanƙani idan tana ci tana sha kuma ana duba jininta, a tsayar ranar da ta fara amai ko ta ƙi abinci. Ga muzurun da fitsari ya toshe wa, bufrenofin, wani maganin kashe zafin ciwo, ya fi dacewa, sai dai a shekara ukun nan ban ga kwalbarsa a ɗakinmu ba, na roƙa har na gaji.

Sauran magunguna a taƙaice. Gabafentin, shi ma na rage zafin ciwo, ta ƙoda yake fita, a rage shi ga mai raunin ƙoda. Jentamisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da muke watsa wa kowace dabba kamar ruwan sanyi, shi ma ƙoda yake ci. Masu kyanwa kuma ku yi wa Allah ku daina ɓalla musu Panadol: hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol, ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe ta, za ku ga dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa sun kumbura. Ibufurofen da diklofenak na kemis, su ma kar su kusance ta.

Umarnin waya kuwa, tun daga ranar nake rubuta shi a kati da sa'a da sunan mai bayarwa. Oga ya lura, bai ji daɗi ba, daga nan zamanmu ya fara tsami.

Hajiya ta dawo bara da wata 'yar kyanwa fara, aka ce Oga yana ciki, ta ce a'a, a kira mata yaron nan. Kwalbar shanun kuwa na manna mata takarda da jan biro, BA TA KYANWA BA CE. Ranar da zan tafi na duba kanta, kwalbar tana nan, an ɓare takardar.