Abin da na koya a tagar masu katin inshora

Shekarata ta huɗu ke nan a tagar masu katin inshorar lafiya, a sashen ba da magani na wani asibiti a nan Sakkwato. Har yau NHIS mutane ke ce wa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, duk da cewa tun watan Mayun 2022, da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, hukumar ta koma NHIA. Ranar da na fara aiki abu ɗaya aka nuna mini: ki duba sunan mutum a rajista, ki cire kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganinsa, ya je ya biya, ki ba shi. Maganin naira 3,000, ya ba da 300. Sauran duk a bakin taga na koya.

Wani dattijo ne, masinja a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, ya fara buɗe mini ido. Ya zo da tsohon kwalin Norvasc, maganin hawan jini, ya naɗe shi cikin baƙar leda har gefensa ya tsattsage. Na miƙa masa amlodipine. Ya jujjuya kwalin, ya ajiye shi kusa da nasa, ya ce, "Ɗiyata, wanga ba shi na ba. Ko don mu masu kati na aka ba mu na banza?"

Layi ya kai ƙofa, ga zafin Afrilu, amma na ce, "Baba, matso ka gani." Na ɗora yatsa a kan ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin babban sunan kwalinsa, na nuna masa irinsa a kan nawa, da nauyin ƙwayar, miligiram 5 nan da can, da lambar NAFDAC. Sai da ya sa tabarau ya bi harafi bayan harafi kafin ya karɓa.

A ranar na gane ashe babu wanda ya taɓa gaya masa yadda abin yake. Hukuma tana da jerin magungunan da ta ɗauki nauyi, kuma da sunansu na asali ta rubuta su, ba da sunan kamfani ba, kowanne da farashin da ta yanke. Da wannan sunan ya kamata likita ya rubuta takarda. Wanda ya nace sai na kamfani kaza, aljihunsa zai taɓa.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne gane ta inda kuɗin ke shigowa. A matakin farko, asibitin da mutum ya zaɓa ana biyansa kuɗin kowane kai duk wata, ko mutum ya zo ko bai zo ba. A da, an yi shekaru da dama ana biyan naira 750. Daga cikinsu ake ganin likita, a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro da sauran na yau da kullum. In ciwo ya wuce nan, sai an nemi lambar izini daga HMO, wato kamfanin da ke tsakanin hukuma da asibiti wajen biyan kuɗi, a yi aikin, sannan asibiti ya tura takardar biya ya jira. Da darajar naira ta faɗi a tsakiyar 2023, kamfanin magunguna na GSK kuma ya sanar a watan Agusta cewa zai tattara nasa ya nasa ya bar Najeriya, magani ya yi tashin gwauron zabi a kasuwa, farashin da ke takardar hukuma kuwa ya daɗe bai motsa ba. Nan haruffa biyun nan suka yawaita a takardun marasa lafiya: O.S., wato maganin ya ƙare a sito.

Ni ma na rubuta su, ba sau ɗaya ba, na ce na gaba ya matso. Wata rana na bi wata uwa da kallo, ɗanta a goye yana numfashi da kyar, ta tsallaka titi zuwa kemis ta sayi maganin shaƙa na asma da cikakken kuɗi. Abin ya tsaya mini a rai. Na san asibiti na cikin matsi, amma ya riga ya karɓi kuɗi da sunan yaron nan, nemo maganin hakki ne a kan asibitin. Tun daga ranar ba na rubuta O.S. sai na leƙa sito, na tambayi likita ko akwai madadi a jerin. In duk babu, nakan ce mutum ya riƙe rasit, in nuna masa teburin jami'in inshora, in gaya masa yana da damar kai ƙara wurin HMO ɗinsa ko ofishin hukumar na jiha. Ma'aikatan jiha kuma SOCHEMA ce tasu, wato hukumar inshorar lafiya ta jihar Sakkwato.

Akwai wani abu da ke ba ni tsoro. Katin ma'aikacin tarayya yana ɗaukar shi da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, gidajenmu kuwa sun fi haka yawa. Sai a kawo ƙane da sunan yayansa. Ba na ganin laifin uban da babu ta sa shi haka, amma maganin yara da nauyi da shekaru ake auna shi, kuma fayil ɗin wani ba zai nuna maganin da jikin wannan yaron ba ya so ba. Nakan roƙi iyaye su faɗa mini gaskiya, in kuma shaida musu ana iya ƙara mutum a kan kati da ƙarin kuɗi.

Dattijon nan yana zuwa duk wata. Zuwansa na ƙarshe kwalin amlodipine ne a cikin ledar, canjinsa a ƙirge, ga wani abokin aikinsa a bayansa riƙe da takarda. Ya ce, "Ɗiyata, nuna mishi ƙaramin rubutun nan kamar yadda kika nuna min."