Kasafin ruwan Kano da lokutan kogi

Abin da ya fi wuyar shiga kan masu tsara kasafi shi ne ruwan da Kano ke sha ba nata ba ne ita kaɗai, kuma ba ya zuwa da kama ɗaya duk shekara. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, da ta Challawa da ke Karaye, ta 1992, su ke riƙe da shi, kuma Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are ce ke sakinsa. Manoman shinkafa da tumatir na Kadawa da Kura suna jira, matatun Tamburawa da Challawa suna jira, mutanen Hadejia da fadamun Nguru ma haka. Idan ba a zauna tun kafin rani an tsayar da ranakun saki da yawansa ba, a watan Maris ko Afrilu sai ka ga bakin bututun ɗibar ruwa ya fito fili, injin yana zuƙar iska da yashi.

Inda muka fi shan darasi shi ne alif, wanda ake zubawa don laka ta kwanta. Da rani ruwan kogi a kwance yake, alif kaɗan ya isa. Da zarar damina ta sauka, ruwa ya yi jawur da laka, buƙata tana ninkawa. Lissafin mai sauƙi ne: miligiram ɗaya a kowace lita daidai yake da kilo ɗaya a lita miliyan. Matatar da ke tace lita miliyan 150 a rana, in tana zuba miligiram 30 a kowace lita, buhu 90 mai kilo 50 za ta ci kullum. In laka ta kai a zuba 80, buhu 240 ke nan. Wanda ya raba kuɗin alif kashi goma sha biyu daidai wa daida, to a watan Agusta sito zai ƙare. Daga nan ko a rage tacewa, ko a tura ruwa mai duhu, kuma kulorin ba ya aiki sosai cikin ruwan da bai kwanta ba. Don haka a sayi alif ɗin damina tun Afrilu, a jera shi kan katako nesa da danshi, a riƙa gwajin kwalabe (a zuba alif awo daban-daban cikin kwalaben ruwa a ga wanda ya fi kwantar da laka) kowace safiya kafin a saita awo.

Wuta da man dizal su ne babban rami na biyu. Injin tura ruwan da ake kashewa ana kunnawa ba tsari yana jijjiga bututu har mahaɗa su tsage. A ware kuɗin gyara daban, kada a cusa shi cikin kuɗin sabon aiki, domin sabon aiki shi ake zuwa buɗewa, shi ke fara cinye kaso.

Abin da ke ci mana rai shi ne bututun da ya ratsa kwata a lungunan cikin birni. Muddin akwai ƙarfin ruwa, ko bututun ya ɓule, waje ruwan yake zuba. Ranar da aka ɗauke ruwa, bututun ya zama fanko, sai ya zuƙo ruwan kwata ciki. Uwar gida ta tara bokitin farko da asuba, shi yara za su sha. Roba da maɗaurin da za su toshe wannan ɓula ba su kai kuɗin buhun alif ɗaya ba, amma sai an rubuta su a kasafi da sunansu kafin a same su a sito.