Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Ranar da Kawu ya miƙa mini muciya

A makon jiya na tsaya a inda mahaifina ya kai ni wurin ƙanin mahaifiyata a Kura, garin da rawaninsa mai ƙyalli, wato ɗan Kura, ya yi suna har cikin Buzayen Agadas. Kawu marini ne, kuma a watannin farko bai bari na taɓa ko ƙyalle ba. Aikina ɗebo ruwa, da tankaɗe toka, da farfasa busasshen baba, wato ganyen da ake samun shuni daga gare shi.

Da aka haɗa sabon rini a ramin da aka shafe da laso, wato simintin gargajiya, sai muka rufe shi muka zuba masa ido na kwanaki. Wata safiya Kawu ya sunkuya ya shinshina, ya dubi kumfar da ta taso mai sheƙi kamar jan ƙarfe, ya miƙa mini muciya ya ce, "Yaro, motsa shi a hankali, mai rai ne, ba ya son garaje." Na ce, "To, Kawu," ko da yake ban fahimci yadda ruwa zai yi rai ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne farin zanen da ya tsoma. Ya fito kore-kore, amma kafin ya gama matse shi ya fara rikiɗewa zuwa shuɗi a hannunsa. Sai bayan shekaru, a ajin kimiyya, na gane dalili. Shuni ba ya narkewa a ruwa, saboda haka ba zai shiga zare ba sai ƙananan halittun da ido ba ya gani sun ruɓar da ganyen, sun cinye iskar da ke cikin ramin, kaifin toka kuma ya taimaka ya narke. Idan zanen ya sha iska, shunin ya koma yadda yake, ya maƙale a cikin zaren. Shi ya sa garaje ke kashe rini, domin yana cusa masa iska, kuma shi ya sa ake tsomawa ana shanyawa sau da yawa kafin launi ya yi duhu.

Har yau ina ganin hancin Kawu ya fi littafina saurin gano rinin da ya gaji. Mako mai zuwa zan kawo labarin shigata mabuga, inda ake bugun rinannen zane ya yi ƙyalli, da yadda shunin kanti, wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897, ya raba kan marinan unguwarmu.