Abin da aikin auna furotin ɗin jinin masu sikila ya koya min

Aikina a ɗakin gwaji shi ne in ɗauki ɗan ɗigon filasma, wato ruwan nan mai launin rawaya da ke tasowa sama in an juya jini a santirifuj, in gano waɗanne furotin ne a ciki kuma nawa ne yawan kowanne. Na'urar da muke aikin da ita mas sifektiromita ce, a lab dai mas-sifek kowa ke cewa. Na koyi aikin ne a wata jami'a a Turai, samfuran kuma na masu sikila ne da aka ɗiba a wani asibiti a arewacin Najeriya, don ciwon namu ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta ana haifar jarirai wajen 150,000 da shi duk shekara a Najeriya.

Shi aikin hannun ba wani tsafi a cikinsa. Maikirolita ɗaya na filasma ya isa. Ka warware furotin ɗin, ka sa wani sinadari mai suna DTT ya ɓalle mahaɗan salfa, ka toshe su kar su sake haɗewa, sai ka zuba tiripsin, wani sinadari mai yanka furotin, ka bar shi ya kwana a digiri 37 yana yanka su bayan kowane laisin da ajinin, wato biyu daga cikin amino asid, tubalan da ake gina furotin da su. Gutsattsarin da suka fito, feftaid kenan, su ake turawa cikin wani siririn bututu su rarrabu, a fesa su da lantarki cikin na'ura ta auna nauyinsu, ta farfasa su ta sake aunawa. Wannan fesawar ce ta sa John Fenn ya samu kyautar Nobel a 2002 tare da Koichi Tanaka. Tamu na'urar Orbitrap ce, ƙirar Alexander Makarov da ta shigo kasuwa a 2005.

Inda wahalar take shi ne jinin kansa. Albumin kaɗai ya fi rabin furotin ɗin filasma, giram 35 zuwa 50 a lita, kuma furotin 22 ne kacal suka kwashe kashi 99 na nauyin. Su kuma waɗanda likita zai so gani, irin su IL-6 mai nuna kumburi a jiki, a fikogiram ake maganarsu, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan na giram, tazarar ta kai ninki biliyan goma, kamar a ce nemo ƙwayar gero ɗaya a cikin tirela uku na masara. Shi ya sa in ka sa filasma haka nan ba ka rage komai ba, furotin ɗari uku zuwa biyar ka kan samu, alhali daga ƙwayoyin halitta da aka raina a lab dubbai ake samu ba wahala.

Toh da sakamakon farko ya fito na ga furotin da yawa sun yi sama a masu sikila idan aka kwatanta da masu lafiya, raina ya yi fari sosai wallahi. Shugabar lab ɗinmu ta duba jerin ta ce kafin mu yi maganar komai in kawo mata takardar da ke nuna ƙarfe nawa aka ɗebi kowane jini da ƙarfe nawa aka juya shi. Babu wannan takardar. Da muka bi diddigi ta waya sai ta bayyana jinin marasa lafiya a kilinik ake ɗiba tun safe, ya zauna a tire har a gama ganin mutane sannan a kai lab, na masu lafiyar kuwa a bakin lab ɗin aka ɗiba aka juya nan take. Ba wanda ya yi ganganci, ma'aikatan aiki ya musu yawa kuma ba a taɓa gaya musu awa biyu ko uku na da wani tasiri ba. Amma jerin nawa cike yake da PF4 da tirombospondin da filamin da talin, duk kayan cikin filatilet ne, ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, ga kuma kabonik anhaidires da katales na jajayen ƙwayoyin jini. Ƙungiyar Matthias Mann a Jamus, Philipp Geyer na gaba, sun fitar da jerin irin waɗannan furotin a 2019, suka nuna da yawansu an sha buga su a mujallu a matsayin alamar cuta alhali alamar yadda aka riƙe samfur ne.

A sikila abin ya fi rikitarwa, kuma nan ne na fi daɗewa ina tunani. Mai sikila dama jajayen ƙwayoyinsa suna fashewa a cikin jiki, kenan ganin himogilobin a filasmarsa zai iya zama ciwon ne da gaske, zai kuma iya zama allura ce siririya aka ja da ƙarfi ko zafi ya bugi kwalbar. Abin da ya taimake ni shi ne wani furotin na jini mai suna haftogilobin. In fashewar a jiki ta faru, haftogilobin yana kama himogilobin ɗin jiki ya kwashe su tare, sai ka ga ya kusa ƙarewa, himofeksin, wani furotin mai irin wannan aikin, ma ya bi shi ƙasa. In a kwalba ta faru ba mai kwashewa, yana nan na'ura za ta gan shi. Duk da haka a mutum ɗaya biyun na iya haɗuwa, maleriya ma tana saukar da haftogilobin, kuma masu sikila da yawa filatilet ɗinsu yana da yawa saboda saifa ta daina aiki, so ko ɗan kuskure wajen zuƙo filasma kusa da farin layin nan na tsakanin filasma da jajayen ƙwayoyi, inda filatilet ke taruwa, ya fi nunawa a nasu. Lissafi ba ya raba maka wannan bayan an gama. Dole muka sake ɗiban jini, kowa a kwalbar EDTA, sinadarin hana jini daskarewa, mai murfi launin shunayya, a juya cikin awa ɗaya, a bar ɗan filasma a saman farin layin kar a taɓa shi, a rarraba a ƙananan kwalabe a sa firiza mai digiri 80 ƙasa da sifiri, a rubuta lokacin komai.

Tsarin sa samfur a na'ura ma haka. Bututun yana tsufa, na'ura tana yin datti, abin da ta auna ranar Litinin ba daidai yake da na Juma'a ba. In ka sa marasa lafiya duka a farko masu lafiya a ƙarshe ka auna ranaku ne kawai. A 2002 mujallar Lancet ta buga aikin Petricoin da Liotta da ya ce ana gane kansar ƙwan mace daga jini kusan ba kuskure, duniya ta ɗauka, sai Keith Baggerly da abokan aikinsa suka sake duba bayanan suka nuna bambancin da yawa daga yadda aka gudanar da samfuran ya fito. Ni yanzu kwamfuta ce ke cakuɗa min jerin, kuma duk bayan ƴan samfura ina sa wani gauraye guda ɗaya da na sani don in ga ko na'urar ta fara kaucewa.

Akwai wani abu da ya taɓa ni sosai. Manhajar da ke gano feftaid, MaxQuant ko DIA-NN, tana kwatanta abin da aka auna ne da kundin UniProt mai furotin ɗin ɗan Adam wajen 20,000, kuma himogilobin ɗin da ke ciki na mai AA ne. Feftaid ɗin farko na sarƙar beta ta himogilobin VHLTPEEK ne, kowane harafi amino asid ɗaya, a mai sikila VHLTPVEK, balin ya maye gurbin gulutamik asid a wuri na shida, nauyi ya ragu da dalton 30. In ba ka ƙara wannan da hannunka a kundin ba manhajar ba za ta gan shi ba sam, ga shi kuwa a cikin bayanan ƙuru-ƙuru. HbC, wani nau'in himogilobin ɗin daban, ma haka, shi laisin ne ya shiga wurin har tiripsin ya samu sabon wurin yanka. Vernon Ingram da tiripsin ɗin nan da takardar tace sinadari ya gano wannan canjin a Kambirij a 1956 zuwa 1957, ranar da na ga layin wannan feftaid ɗin ya fito a allona sai da na yi shiru na ɗan lokaci. Babban aikin UK Biobank na 2023 ya auna furotin kusan 3,000 a mutum sama da 54,000, amma galibinsu Turawa ne, don haka abin da ake kira daidai a jinin mutanenmu sai mun auna da kanmu.

Maganar buga takardu kuwa, jerin da na fara murna da shi ya ragu ƙwarai bayan sabon ɗiban, ƴan kaɗan suka tsaya, su ma sai da muka sake auna su da wata hanyar gwaji daban mai suna ELISA a wasu mutanen daban kafin mu rubuta. Takarda ɗaya ta fita a inda wani zai tsaga uku, kuma na san a wajen ƙarin girma ƙirga ake yi, hakan yana min ciwo amma ban yi nadama ba. Ɗanyen bayanan duka mun ɗora a PRIDE, rumbun da EMBL-EBI ke riƙe da shi a Ingila, duk mai so ya sauke ya sake lissafi, in akwai inda muka kauce ya nuna mana. Kuma na tsaya kai da fata sai da sunan ma'aikatan lab biyu da suka riƙe agogo da santirifuj a gida ya shiga cikin marubuta, ba a godiyar ƙarshe ba.

Masu tambayata ta ina za su fara alhali jami'arsu ba ta da mas-sifek, na kan ce na'urar ana iya aika mata samfur a busasshiyar ƙanƙara in an yi yarjejeniyar tura samfur da izinin kwamitin ɗa'a. Abin da za ka fara nema firiza ce da ke da sola ko janareto na tsaye da ma'aunin da ke rubuta zafinta dare da rana, sai fom mai gurbin lokacin ɗiba, lokacin juyawa, lokacin daskarewa, ko an yi wa mutum ƙarin jini kwanan nan, ko yana shan maganin sikila haidiroksiyuriya, da sakamakon gwajin maleriyarsa na ranar.