Kaba, busasshiyar gurasa da Zabura: na gwada zaman halwa irin na 'yan zuhudun Masar

Duk wanda ya ji labarin Antoniyus na Masar, abin da ke zama masa a kai shi ne yunwa da faɗa da aljanu. An haife shi wajen shekarar 251, ya ji an karanta Matiyu 19:21 a coci, ayar da ta ce ka sayar da mallakarka ka ba matalauta, ya rabar da gonakin gado, ya fara zama a bakin ƙauye, ya koma makabarta, daga nan ya kulle kansa a wani kangon sansanin soja a Fisfir kusan shekara 20. Ya rasu a 356 a dutsen da ke kusa da Bahar Maliya. Amma da na bi tsarin yinin 'yan zuhudun Masar irinsa a wata bukkar gona lokacin azumin da ke gaban Ista, abin da na tarar lissafi ne: nawa za ka ci, yaushe, me hannunka zai riƙa yi, wa zai duba ka.

Abinci ya fi sauƙin bayani. Yohanna Kasiyan, wanda ya zauna da su a ƙarshen ƙarni na 4, ya ce ma'aunin da dattawa suka yarda da shi busassun gurasa biyu ne a yini, nauyinsu da ƙyar ya kai laba ɗaya ta Romawa, wato gram 300 da ɗoriya. Ana ci a sa'a ta tara daga fitowar rana, wajen ƙarfe 3, dab da la'asar. Gurasar sai ta bushe ƙayau. In ka ajiye ta da sauran laima a ciki, kafin mako ya zagayo ta yi fumfuna. A yanka ta sirara, a mayar tanda da wuta kaɗan ko a shanya, har ta riƙa karyewa da ƙara. Atanasiyus, bishop ɗin Iskandariya da ya ba da tarihinsa, ya rubuta cewa Antoniyus ya shiga kangon nan da guzurin wata shida, kuma sau biyu a shekara ake zuro masa wata ta saman rufi. Lokacin ci a jiƙa ta da ruwa, a barbaɗa gishiri. Kada a raina gishirin. Mai zufa da ke shan ruwa zalla, ciwon kai da kasala za su same shi. Kuma kada a ce za a burge ta hanyar tsallake kwana biyu ba ci. Kasiyan ya ruwaito cewa dattawan sun fi son ci kaɗan kullum a kan dogon azumin da ke ƙarewa da cika ciki, kuma jiki na gaskata su, don wanda ya kwana biyu da yunwa ba ya iya tsayawa a gurasa biyu.

Inda aikin yake shi ne kaba. Su ganyen dabino suke amfani da shi, ni da kabar goriba na yi, hanyar kusan ɗaya ce. Ana tsaga ganyen da allura ko farce, faɗi daidai wa daida, domin tsagi ɗaya mai faɗi a cikin sirara yana karkatar da kitson duka. Sai a jiƙa gwargwadon abin da za a saƙa a ranar kawai. Wanda bai jiƙu ba yana tsagewa a wurin lanƙwasa. Wanda ya daɗe a ruwa yana yauƙi, ya yi duhu, ya fara wari. Ana kitsa doguwar igiya mai faɗi, daga baya a ɗinke ta zagaye-zagaye ta zama kwando. Mahaɗa ita ke tona asirin sabon shiga: sabon tsagi ana cusa shi tun tsohon bai ƙare ba, su haɗu kamar tsawon ɗan yatsa, kuma ba a tara mahaɗa biyu wuri guda, in ba haka ba nan igiyar za ta tsinke. An ce Abba Arsaniyus sau ɗaya a shekara yake canza ruwan jiƙonsa, ƙari kawai yake yi, yana jure warin a madadin turaren da ya sha a fadar sarki. Wannan nasa ne. Ni kullum nake zubarwa.

Dalilin zaɓen wannan sana'a a fili yake idan an kama ta. Ba ta da ƙara, ba ta buƙatar tunani da zarar yatsu sun saba, baki na iya maimaita aya yayin da hannu ke tafiya. Zabura 12 da yamma, 12 da dare, su ne ƙa'ida. Sauran yinin saƙa ce da tashi addu'a a tsakani. Kasiyan ya ba da labarin wani Abba Bulus da ke nesa da kasuwa ƙwarai, yana saƙa kullum, shekara ta cika ya cinna wa tarin wuta. Da farko na ɗauka ɓarna ce, sai da tsakar rana ta yi mini bayani.

Ifagiriyus, ɗan zuhudun da ya rasu a 399 a Keliya, wani mazaunin 'yan zuhudu a hamadar Masar, ya kira ƙosawar da ke kama mutum a lokacin aljanin tsakar rana, ya ce yana kawo hari daga sa'a ta huɗu zuwa ta takwas, wato wajen ƙarfe 10 zuwa 2. Rana ta ƙi motsi, mutum ya yi ta leƙa taga, ya tsani ɗakin, ya tuno wani mara lafiya da ya kamata ya gaisar. Haka yake zuwa, da riga ta alheri. Abin da ya yi mini aiki shi ne yanke adadin kamu na igiya tun safe, da sharaɗin ba fita sai an cika, da kuma kawar da agogo da waya daga gaban ido. Kwanciya a wannan lokaci tana ƙara nauyin jiki ne, ta kuma cinye tashin dare.

Abu na ƙarshe da mutane ke mantawa: ba su kaɗai suke ba. Amun ya kafa mazaunin 'yan zuhudu na Nitriya wajen 330, Makariyus ya zauna a Iskitis, kwarin kanwa da yau ake kira Wadi Natrun, a daidai wannan zamani. Faladiyus, marubucin da ya zauna da su, ya ƙiyasta 'yan zuhudu 5,000 a Nitriya, da gidajen gasa gurasa bakwai, kuma baƙo mako ɗaya ake barinsa ya huta kafin a tura shi lambu ko madafa. A Keliya ɗakunan na nesa da juna yadda ba ka jin muryar maƙwabci, amma Asabar da Lahadi kowa na zuwa coci, a ci abinci tare. Wanda ba a gani ba, a bi sawu. Kowane sabo yana da dattijon da yake faɗa wa tunaninsa. Fakomiyus a kudu ma gida ɗaya ya tara su a Tabennisi, da doka a rubuce. Don haka kafin na shiga, sai da na shirya da wani dattijo a cocinmu ranar da zan zo masa, da wanda zai kawo ruwa ya kwashe kwandunan.