Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: "Mura Ai Ba Ta Kisa"

Makon jiya na yi alkawarin ba ku labarin filin Rigasa. Ku yi haƙuri, hunturun nan da ya shigo ya tayar mini da wata magana da ta fi filin ci mini rai. Maganar Gwaggo ce: "Mura ai ba ta kisa." Allah ya jiƙanta, na yafe mata tun tana raye, amma ban manta ba.

Mun dawo daga Delhi ta Indiya an dasa wa Abban yara ɓangaren hantar ƙaninsa, bayan ciwon hanta nau'in B ya cinye tasa. Dangi sun ɗauka da an fito ɗakin tiyata an gama. Ina! Jiki kallon baƙuwa yake yi wa sabuwar hanta, kullum neman yaƙarta yake, shi ya sa har ƙarshen rayuwarsa zai riƙa shan maganin danne garkuwar jiki: tacrolimus safe da dare, awa 12 tsakani, ga mycophenolate, ga prednisolone a watannin farko. Garkuwar nan da aka danne kuwa ita ce ke korar mura. Abin da ni zai tsaya mini a hanci, shi sai ya gangara masa huhu. Likitan can ma ya ja mini kunne cewa kada in zauna jiran zazzaɓi, magungunan na iya ɓoye shi.

Sai na kafa doka. Buta da sabulu a zaure, mai tari ya yi gaisuwa ta waya, in za shi Juma'a masallacin Sultan Bello ya sa takunkumi. Wannan fa kafin korona ne, lokacin da mai takunkumi a Tudun Wada sai a ce tarin fuka gare shi. Nan aka fara: ta raba shi da danginsa, tun da ta hau jirgi ta zama likita.

Ranar da Gwaggo ta zo, ƙura ta rufe gari. Ta taho da jikokinta, ƙaramin hanci na zuba, ido ya yi ja. Ta wuce butar ko kallo, ta ɗora masa yaron a cinya, wai ya sa masa albarka. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, don Allah, yaron nan mura yake yi." Ta ce, "Ke yarinya, ni na goyi mijin nan naki. Mura ai ba ta kisa." Shi kuma bawan Allah kunya ta hana shi ɗaga ido.

Kafin mako ya zagayo ba ya iya kai Fatiha ƙarshe sai ya tsaya ya ja numfashi. Jikin ba wani zafi sosai. Wani ɗan'uwansu ya kawo leda daga kemis, erythromycin da diclofenac, Gwaggo ta aiko da jiƙo a gora. Duk na ɓoye su a bayan kwanuka. Na farkon yana sa tacrolimus ya taru a jini har ya taɓa ƙoda, na biyun shi ma ƙodar yake bugu, jiƙon kuwa wa ya san me ke ciki? Har yau ana cewa na raina maganin Gwaggo. To na raina.

A asibiti gwajin hanci ya nuna infuluwenza ce, wato mura mai tsanani, hoto ya nuna ta kama huhu. Aka sa masa iskar oksijin, aka fara oseltamivir, maganin infuluwenzar, aka haɗa da maganin ƙwayar bakteriya don kada wata cutar ta hau kan wata. Abin da ya hana ni barci shi ne lissafin da likitocin nan da na Delhi suka riƙa yi ta WhatsApp. A rage maganin garkuwa da yawa, jiki ya far wa hantar. A bar shi yadda yake, huhu ya ci gaba da cika. Suka dakatar da mycophenolate na ɗan lokaci, suka bar tacrolimus, ana ɗibar jini da sassafe kafin ya sha don a ga adadinsa. Ko da ya samu sauƙi an daɗe ana killace shi, don irinsu ƙwayar cutar na jimawa a jiki fiye da sauran mutane.

Na tuna watan Maris na 2020, da aka kulle Kaduna, aka rufe masallatai da kasuwanni, gwamnan wancan lokacin El-Rufa'i ma ya sanar ya kamu da korona. Waɗanda suka yi mini dariyar takunkumi su ne suka riƙa kira, "Maman yara, ina kike sayen naku?" Na faɗa musu, ban ɓoye ba. A zuciyata dai na ce, ashe mura tana kisa. Mu dama tun daga waccan kwanciyar duk shekara muke neman allurar rigakafin mura, shi da ni da yara.

Gwaggo ta zo dubiya kuwa. Ta tsaya bakin ƙofa ta ce sanyi ne ya kama shi saboda ba na dafa masa citta da kanumfari. Kuɗin wannan jinyar ne ya ja mu ga sayar da filin, kuma mako mai zuwa in Allah ya kai mu za ku ji wanda ya saya a cikin dangi, da farashin da ya taya.