Ɗan Jagora Mai Ƙafa Huɗu Daga Gidan Kaso

Kusan kullum da safe, idan na bi ta kasuwar Dole, nakan haɗu da wani dattijo makaho tare da jikarsa da ke ja masa sanda, yarinyar da ba za ta wuce shekara tara ba. A lokacin da sa'o'inta suke zaune a lakwal, ita tana ratsa tsakanin babura da amalanke da kakanta. Ita ce ta faɗo mini a rai lokacin da na ji labarin ƴan kaso da ke horar da karnuka domin naƙasassu a Amurka.

Wata mai hidimar cocin Katolika, Pauline Quinn, ce ta fara wannan aiki a shekarar 1981 a gidan kason mata na jihar Washinton. A 1997 kuma aka kafa ƙungiyar Puppies Behind Bars a Niyok, wadda ta soma da gidan kason mata na Bedford Hills. Ana kai kwikwiyo yana da kamar mako 8 da haihuwa, a damƙa shi ga ɗan kason da aka yarda da halinsa, su kwana ɗaki ɗaya, su tashi tare, har kusan shekara 2. A wannan tsakani kare yana koyon buɗe ƙofa, kunna fitila, da ɗauko abin da ya faɗi wa mai keken guragu. Lokaci-lokaci masu sa kai sukan fita da shi cikin gari domin ya saba da hayaniyar motoci da cunkoson jama'a, abin da ba zai samu a bayan katanga ba.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta lokaci. Horon kare yana bukatar mutumin da zai maimaita umarni ɗaya sau ɗari ba tare da ya ɗaga hannu ya yi duka ba, kuma ba wanda ya kai ɗan kaso yawan lokacin da ba shi da abin yi da shi. Wanda fushi ya kai shi kaso, ga shi an ba shi aikin da fushi ke lalatawa nan take.

Na san abin da za a fara cewa a nan Damagaram: kare ƙazanta ne. Amma a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo. Maharbanmu da makiyaya sun daɗe suna koya wa karnuka aiki, sai dai ba mu taɓa juya wannan sani wajen makaho ko gurgu ba. Yaran unguwa da ke jifan duk karen da suka gani su ma sai an yi musu nasu horon.

Inda nake ganin gizo ke saƙa shi ne ciyarwa. Da wuya a ce wa ɗan kason da ke jiran kwanon tuwo daga gida ya kula da karen da ke bukatar nama da allurar rigakafin haukan kare. Da za a gwada a nan, da sai in ce a fara da kwikwiyo biyu na gida, da likitan dabbobi ɗaya, da tsohon maharbi ɗaya mai haƙuri.